Gashin da Ya Tarar da Jinƙai a Ciki

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu, wanda ya bar ni da rai har na tsaya a gabanku yau.

Saboda baƙinmu, sunana Rifkatu, matar Bulus mai gyaran injin ban-ruwa. A nan Haɗeja muke, sana'ata turara shinkafa. Yarinyar can da ke jingine da babanta ita ce Jinƙai, autarmu, ƙanwar Dauda. Saboda ita na miƙe.

Kafin in haife ta, wani ƙari ya fito mini a kwankwaso. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha ƙwayoyi, sai ƙara girma yake. Da aka tura mu babban asibiti a Kano, aka ce ciwon daji ne, sai an yi mini gashi. Ba gashin wuta ba. Na'ura ce ke harba wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, ya ratsa jiki ya ƙone cutar. Aka gwada ko ina da ciki, babu. Muka dawo gida shiri, sai kogi ya cika ya yanke hanya, ga kuma masu jiran na'urar da yawa. Watanni suka shige. Da muka koma aka sake tambayata ko ina da ciki, na ce babu, don tun da ciwon ya fara al'adata ta rikice.

An fara gashin ba da daɗewa ba amai ya ƙi tsaya mini. Aka yi hoto. Ciki ne, ya kusa wata uku.

Likitar mace ce. Ta jawo kujera kusa da ni, ta ce, "Malama Rifkatu, yanzu ne ƙwaƙwalwar jariri take ginuwa, kuma hasken ya bi ta kusa da shi. Mun tsayar da gashin. Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa ya zo da ƙaramin kai, ya yi jinkirin tafiya da magana da fahimta. Iyakar abin, ba wanda ya sani."

Na ce, "Ni fa, likita?"

Ta ce, "In kin zaɓi ki jira haihuwa, za mu sa miki ido, bayan nan a yi aiki. Amma jiran yana da haɗari."

Muka dawo gida. Na daina zuwa sujada, na daina girki. Ina jin tsoron mutuwa, ina jin tsoron haihuwa.

Wata safiya na bi Bulus fadama, don zaman ɗaki ya ishe ni. Yana kwance injin wani manomi, ni ina zaune bakin kwalbati. Nan na fashe. Na ce, "Yesu, ban iya zaɓa ba. Ga ni, ga abin da ke cikina. In za ka ba ni yaron nan, ko yaya yake, ka haɗa mini da ƙarfin riƙonsa." Ban ji wata murya ba. Amma na tashi na san abin da zan yi. Na ce wa Bulus, "Baban Dauda, zan jira." Ya goge baƙin mai a wandonsa, ya ce, "To, tare za mu jira."

Jinƙai ta zo da ɗan ƙaramin kai, kamar yadda aka faɗa. Ni kuma aka yi mini aiki, aka ƙarasa gashin. Har yau duk zuwan da na yi asibiti, cewa suke ba su ga komai ba. Yabo ga Ubangiji!

Ita kuwa, sa'o'inta na gudu tana rarrafe. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce in daina fita da ita. Maƙwabciyata Ya Falmata, dattijuwa Musulma da muke turara shinkafa tare, ita ta tsawata mini. Ta ce, "Rifkatu, kyautar Allah ba a ɓoye ta a ɗaka. Kawo ta nan." Ta zaunar da ita bakin tabarmar shanya, ta kama yatsunta tana koya mata tsintar tsakuwa. A asibiti aka nuna mini yadda zan riƙa motsa mata ƙafafu, ban taɓa fashi ba. Ranar da ta saki bango ta taka, Bulus ya zauna a ƙasa yana kuka.

Da na kai ta makaranta, shugabar ta ce ba za ta iya bin aji ba. Na ce, "Madam, a ba ni benci a baya." Na zauna da ita har zangon ya ƙare. Karatu yana mata wuya har gobe, ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Amma tana rubuta sunanta, kuma ita kaɗai take shiga aji yanzu.

Mata 'yan'uwana, in za a yi muku hoto ko gashi, ko da zato ne kawai kuke yi na ciki, ku faɗa, ku ce a sake gwadawa. Kada kuma tsoro ya hana ku magani, ta hannun likitoci Allah ya raya ni. Wadda ke da yaro irin tawa, ta fito da shi, ta dogara ga Yesu, ta yi ta koya masa.

Na gode wa Ubangiji. Jinƙai ta ce ita za ta rufe mana. Taho, uwata, a hankali. Ku ba ta lokaci, za ta iso.