Allah Ya Isan da Na Ja wa Ƙanena

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto.

Malamin Hausa ne ni. Na tsufa ina gyara wa yara nahawu, amma kalma uku sun kusa kai ni kabari ban san ma'anarsu ba.

A unguwar Koki aka haife ni. Da na bi Almasihu, mahaifinmu bai kore ni ba, ni ma ban daina zuwa gaishe shi ba. Ranar da ya rasu, ƙanena Habibu bai aiko mini ba. A bakin wani mai shayi na ji, bayan an dawo daga maƙabarta.

Na tarar da Habibu a zaure cikin masu zaman makoki. Na ce, "Habibu, Allah ya isa tsakanina da kai."

Kun san Bahaushe ba ya jan Allah ya isa sai a kan abin da ba zai yafe ba har lahira.

Shekaru na ɗauke ƙafa. Barci ya ƙaurace mini, hawan jini ya tare a jikina. In ana addu'ar Ubangiji a cocin nan, da an zo wajen gafara sai tari ya kama ni.

Bara yayarmu ta kira ni. "Malam, Habibu yana kwance, kai yake nema. Gaba da mara lafiya kuma? Da karatunka!"

Na durƙusa don in kai ƙarar Habibu gaban Ubangiji. Na ce, "Ya Uba, ai na riga na ce Allah ya isa." Sai na ji maganar kamar a bakin ɗalibi. Ya isa. Wato ya wadatar! To in ya isa, me nake yi da kayan nan a ƙirjina? Na yi kuka, 'yan'uwa, kuka sosai.

Na je Koki. Habibu ya rame. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, surutun mutane na ji tsoro, shi ya sa ban aiko maka ba. Ka janye."

Na ce, "Na yafe, duniya da lahira."

Da ya samu sauƙi, da kansa ya kai ni ya nuna mini kabarin Baba.

Godiya ga Yesu! In akwai wanda ka ɗaure da bakinka, roƙi Ubangiji ƙarfin kwance shi tun yana numfashi. Zai ba ka. Amin.