Baba Mijinyawa Ya Riga Mantuwa Zuwa Gona

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, dagatanmu na Karaye, baƙinmu na Rogo, malamai, uwargidan marigayi Hajiya Baraka da 'ya'ya, ya ƙarin haƙuri?

Baba Mijinyawa ya kasance shi ne takardar gonakin ƙauyenmu na Turawa. Shekara arba'in, in rikicin iyaka ya tashi, shi ake kira, ya nuna da sanda, magana ta mutu.

Ya kasance mai ciwon suga shekara goma sha biyar, mu kuwa muna zuwa dubiya da katan ɗin lemo. Da ya fara kiran ɗansa Nasidi da sunan ƙaninsa marigayi, muka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Likita ce ta gaya masa gaskiya: sugan da ya daɗe yana hawa yakan lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, mai shi ya fi waninsa haɗarin kamuwa da ciwon mantuwa.

Ya dawo gida ya ce, "Baraka, kaina ya fara yoyo. Miƙo min takalmina."

Akwai masu jiran ya manta. Wasunsu suna nan zaune, sun sha kunun sadaka. Gonar Saude suka sa wa ido, matar da aka mutu aka bar wa marayu huɗu. Da kunnena na ji wani yana cewa, "Damina biyu, tsohon nan ko hanyar gidansa ba zai gane ba."

Bai ba su damina biyun ba. Ya bar suga, ya riƙe magani. Kullum da hantsi ya fita da liman da maƙwabtan gona, inda ya soka sanda a dasa itacen dashi don shaidar iyaka, a rubuta. Gona ɗari da goma sha ɗaya. Da ta Saude ya fara.

Hajiya, mun san ƙarshe ko sunanki ya ɓace masa, kina ba shi abinci yana yi miki godiyar baƙuwa. Ba mu raina wannan zafin ba. Amma ciwon ya iso ya tarar an riga an kwashe kaya. Bana Saude ta cire gyaɗarta har gindin dashi, ba wanda ya yi ko tari.

Ku je a auna muku suga, ku kai iyayenku. Tsohon da ya fara ruɗewa asibiti za a kai shi, ba gidan boka ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba Hajiya ladan jinya. Masu jira kuma, Allah Ya shirye su. Amin.