Ranar da Na Mayar da Kwanon Dubiya

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ce Saratu mai tuyar ƙosai a Zongo. Yau sai kun yi haƙuri da ni, don akwai waɗanda na kawo ƙararsu a cikinku.

Shekara talatin ina gaban kasko. Wanda ya ƙone, ni ke ci, wanda ya yi kwantai ma ni. Na yi ƙiba har hawa moto, wato babur, ya zame mini aiki, mutane kuwa sai yabo: "Tanti Saratu, jiki ya yi kyau!"

Bara ina wanka na ji ƙullutu a nonona na hagu. Na je asibiti, lokotoro, wato likita, ta ce sankara ce, amma an gano ta da wuri. Aka yi mini aiki. Ranar sallama ta ce, "Mama, bayan al'ada ta ɗauke, ƙiba na ƙara haɗarin wannan ciwo. Ki rage mai, ki riƙa tafiya a ƙafa. Ba ma so ya dawo."

Ina isa gida, sai ga matan zumunta da kwanukan dubiya. Wayyo! Miya mai na iyo a kanta, ga soyayyar kaza. Na ce an hana ni. Mama Rahila, ga ta can zaune, ta ce, "Haba, ke da aka yanka? Ci ki mayar da jiki!"

Kowa ya san mayar da kwanon dubiya cin fuska ne. Haka na yi ta ci. Bayan wata biyu aka ɗora ni a sikeli, ashe ƙaruwa na yi! Na ji haushinku, na ji haushin kaina.

Na durƙusa na ce, "Ubangiji, ka cire mini ciwo, yanzu ka cire mini kunya, don ita za ta kashe ni."

Washegari Mama Rahila ta sake zuwa da kwano. Na kama hannunta na ɗora a kan tabon aikin, na ce, "Ki koma da shi, Yaya." Sati uku ba ta gaishe ni ba, kuma ya yi mini zafi. Sai ran nan ta aiko da babenda, ganye zalla, ko ɗigon mai babu. Na ci ina hawaye.

An sake duba ni watan jiya, ba a ga komai ba. Halleluya! Godiya ta tabbata ga Yesu.

Mata, ku dogara gare shi, ku je a duba ku. In kuma na ƙi abincinku, ba raini ba ne. So nake in daɗe tare da ku.