Sujadar Yaya Sharfuddeen

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, Malam Hamid. Limamanmu da dattawan unguwar Al-Khalidiyya. 'Yan'uwa da suka taso tun daga unguwar Al-Sih. Iyayenmu mata da ke saurare daga ɓangarensu: ina gaishe ku, ina gode muku da kuka amsa wannan walima.

Ni ne Zubair, ƙanen Sharfuddeen, kuma magana uku gare ni.

Ta farko, kun san ciwon suga ya sa aka yanke wa Yaya ƙafar hagu. An ba shi ta roba, ya taka, ya yi tafiya, amma ta ƙi lanƙwasuwa a idon sawu. Mutumin da ya tsufa a sahun farko ya koma salla a kan kujera, daga nan ya daina fita masallaci. Malamai suka ce masa kujera halas ce. Ya ce shi ya sani, goshinsa ne bai sani ba. Wallahi mun ji tsoro, domin muna kallonsa yana ƙarewa a ɗaki.

Ta biyu, 'yarsa Rumaisa, wadda babu wanda bai tsokane ta ba a gidanmu: yau zane, gobe karatun ƙasusuwa, jibi ta kwance injin wanki. Na taɓa ce mata, "'Yata, ki kama abu ɗaya mana." Ta amsa da Larabci, kamar yadda yaranmu na nan suka saba: "Ya Ammi, isbir shwayya," wato, "Baffa, ɗan yi haƙuri." Sai ta ba ni labarin wani mutumin Italiya da ya rayu shekaru ɗari biyar da suka wuce, wanda har yau sunansa ya fi ƙarfin harshena. Mai zane ne, mai tsara injuna ne, mai binciken jikin ɗan Adam ne. Ya lura da tashin tsuntsu, ya lura da gudun ruwa, kowane fanni ya taimaka masa a kan ɗan'uwansa. Na ce, "To, shi ya gama abin da ya fara?" Ta yi dariya ta ce, "Ba duka ba."

Ta uku, jama'a, ita kam ta gama. Ta zana lafiyayyar ƙafar mahaifinta a tsaye, a ruku'u, a sujada, a zaman tahiya. Ta kai zanen inda take koyon haɗa ƙafafun roba, ita da malamanta suka haɗa masa sabuwa, suka yi ta gyara, ana gwadawa ana mayarwa.

Juma'ar da ta wuce muka yi La'asar a masallacin Ƙiblatain. Na ɗauko masa kujera, ya ce, "Khalas, shi ke nan, mayar da ita." Liman ya ɗago daga sujada, sahu ya ɗago, Yaya bai ɗago ba sai can. Hankalina ya tashi, na ɗauka ƙafar ce ta maƙale. Da aka sallame na tambaye shi. Ya ce, "Ƙafa lafiya lau take. Ni ne ban ƙoshi ba."

Allah ya yi wa Rumaisa albarka, ya saka wa malamanta, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da kowa gida lafiya. Allah ya bar goshinmu a ƙasa har ranar da zai kira mu.

Na gode.