Baron da Aka Bari a Gidan Baba Direba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan unguwa, shugaban magina da ya ajiye aikinsa ya amsa kiranmu, malamanmu, iyaye mata da ke can kusa da ƙofa, da ku matasa da kuka tsaya a tagogi saboda kujeru sun ƙare, ina gaishe ku, kowa da girmansa. Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, ina gode wa mai makaranta da ya ara mana aji, ina kuma gode wa duk wanda ya ɗauko abin da na roƙa a ɗauko. Idan kun ga ina yawan leƙen taga, ku yi mini afuwa. Ba raini ba ne, hadarin can nake kallo, kuma kafin in zauna za ku san dalili.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce tela ta bakin famfo, katangarmu ɗaya da Baba Direba. A kansa na tsaya yau.

Magana ta farko. Babu wanda zan gaya wa waye Baba Direba, domin rabin matasan da ke tagogin nan a motarsa aka kai su makaranta, wasu ma a motarsa aka kai iyayensu mata asibiti ranar da za a haife su. Bara ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. 'Ya'yansa suka saya masa keken marasa lafiya, sai keken ya ƙi shiga ƙofar ɗakinsa. Aka kira magini ya faɗaɗa ƙofa, maginin nan da kowa ke kira Sai-Gobe, kuma wallahi ba mu zalunce shi da sunan ba. Ya zo, ya ɗaga kai, ya ce ai ɗakin ma ya yi ƙasa, zafi zai cuci mara lafiya, gara a kwaye kwano a ƙara wa bango tsawo. Ya karɓi abin da zai karɓa, ya kwaye rufin, ya fasa ƙofar, ya jingine baronsa a tsakar gida, ya ce wa Inna, matar Baba: "Ga barona nan, Inna, gobe da sassafe za ki gan ni." Tun ana cikin zafi ya faɗi haka, yau ga damina a kanmu.

Kun san inda Baba yake kwana? A kicin. Katifarsa na tsakanin risho da tukwane, mutumin da ko ƙura ba ya yarda ta kwana a kujerar motarsa. Ranar da aka yi ruwan farko, da la'asar, ina kan keke ina ɗinki na ji Inna tana ƙwala mini kira ta katanga. Ruwa ya cika ɗakin da babu rufi, ya gangaro ta fasasshiyar ƙofa, ya shiga kicin. Na tarar da ita tana ƙoƙarin ɗaga namijin da ba za ta iya ɗagawa ba, shi kuma yana ce mata ta bari kada ta karya bayanta. Mu biyu muka ja shi da katifar zuwa kan buhu. Na yi kuka, na kuma ji haushi, har yau haushin bai sake ni ba. Wancan yayyafi ne, jama'a. Na yau ba yayyafi ba ne.

Magana ta biyu. Washegari na ce wa Baba a nemo wani magini. Kun san maganarsa ba ta fita sosai yanzu, amma na ji shi sarai. Ya nuna baron da hannunsa mai lafiya, ya ce: "'Yata, zai dawo. Mai sana'a ba ya barin kayan aikinsa." Ni ma kuwa haka na yarda. Ni ba zan kwana almakashina yana gidan wani ba, Baba bai taɓa barin sifanarsa a garejin kowa ba, mai aski ba ya barin askarsa. Dukanmu masu sana'a ne a unguwar nan, kuma ta nan mutumin nan ya shigo mana.

Ina ba da labarin a shagona, sai matar mai gyaran rediyo ta saki baki, ta ce: "Ikon Allah! Mu cebur ya bar mana." Wata ta ce su tsani. Wata ta ce su guduma da kwanon ɗaukar siminti. Shi ya sa na roƙi kowa ya kawo nasa. Ga su nan a gaban teburin shugaba, don Allah ku miƙe ku duba da idonku. Ku dubi ceburin, ƙotarsa a tsage take. Ku dubi tsanin, wanda ya hau shi sai an kai shi wurin mai ɗori. Ku dubi baron, cikinsa ya huje, tayarsa ko iska ba ta riƙewa. Da waɗannan ake gini? Haba jama'a! Tarkace ne ya tsinto wurin masu tsofaffin ƙarafa yana rabawa gida-gida, kayan aikinsa na gaske suna can inda yake kwaye rufin wani bawan Allah a yanzu. Mu kuwa muna sharewa muna zagaye su, har Inna takan rufe baron da leda kada ruwa ya taɓa shi, alhali mijinta ruwa na taɓa shi.

Magana ta uku, gare ka take, shugaban magina, kuma da ladabi nake yin ta. Na je wurin magina biyu daga cikin mutanenka, mutanen kirki, suka biyo ni har gidan. Suna ganin baro suka ja da baya, suka ce ƙa'idarku ce, magini ba ya shiga aikin ɗan'uwansa matuƙar kayan aikinsa suna wurin. Ban raina ƙa'idar ba. Na san an kafa ta ne don kada wani ya ci abincin wani, don kada a yi faɗa a kan bango. Amma an kafa ta don mai aiki ne, ba don wanda ya mai da ita kwaɗo ya kulle gidajen mutane ya tafi da makulli ba. Ya yaudare mu da amanarmu, ya ɗaure ku da ƙa'idarku, a tsakani kuma tsoho yana kwance a kicin.

Saboda haka abin da nake roƙo kaɗan ne. Ina roƙon shugaban magina ya karɓi tarkacen nan a hannunsa, mai su ya je can ya same su, ya kuma yi bayani a gaban 'yan'uwansa. Ina roƙon dattawa su kai ƙararsa inda ya dace, kada wani matashi ya ce zai tare shi a hanya, ba duka muka zo nema ba. Ina roƙon kowa, daga yau, kada a bari a kwaye rufi sai bulo da yashi da katako sun sauka a ƙofar gida. Babban roƙona kuwa shi ne na yanzu-yanzu. Tsohon kwanon yana nan jingine, kafinta ya ce yana da ƙusa da katako, ga matasa a tagogi. Ba gobe ba. Kalmar nan ta ishe mu.

Shugaban magina, babu sauran kayan kowa a gidan Baba Direba. Da safen nan na je ɗaukar baron. Inna ta gunguro Baba bakin ƙofa, ya kama hannun baron da hannunsa ɗaya, ya riƙe gam, kamar yadda yake riƙe sitiyari. Na durƙusa na nuna masa hujin da ke ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "To idan ya zo fa, 'yata?" Na ce: "Baba, idan ya zo, ya tarar da kai a ɗakinka." Sai ya saki.

Na yi masa alkawari da bakinku, ban tambaye ku ba. Kun dai ji cidar nan kamar yadda na ji.

Allah ya ba Baba Direba lafiya, ya ba Inna ladan haƙurinta. Allah ya sa albarka a hannun duk mai sana'ar da ke gama abin da ya fara, ya shiryi wanda ya kauce. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma riƙe mana ruwan nan har mu buga ƙusa ta ƙarshe.

Na gode.