Allurar da Na Yi wa Hadiza

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni tsohon malamin firamare ne daga wajen Ɗambatta. Don na yi boko, ƙauyenmu suka mai da ni mai allura, alhali ban taɓa koya ba. 'Yata Hadiza ta yi zazzaɓi tana shekara huɗu, na yi mata allura a ɗuwawu, na taɓa jijiya, ƙafar ta shanye. Maƙwabta suka ce, "Sai haƙuri, Malam, shan-inna ne." Na bar su a kan haka, ita ma har yau ba ta san gaskiya ba. Abin da bokona ya tsinana mini ke nan.

Yanzu 'ya'yanta uku. Duk ranar da ta zo gaishe ni, tun daga zaure nake jin takalminta yana jan ƙasa. Masu sauraro, in gaya mata kafin in mutu?