Shago Ɗaya, Ƙuri'a Ɗaya

A rumfar mai tsire a unguwar Briqueterie, Malam Abdulrauf, mai takarar shugabancin ƙungiyar teloli a zaɓen gobe, yana jiran namansa. Rediyo na bayanin zaɓen Amurka. Wani mutum a gefensa ya yi tsaki.

"Baba, ka ji shirme? Jama'a su jefa ƙuri'a, sannan wakilai su yanke hukunci!"

"Gara haka," in ji Abdulrauf a gajiye. "Taron jama'a hayaniya ce."

"Ai mu teloli haka muke fama. Shago ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Shekara ashirin ina taka keken ɗinki a unguwar Ekoudou, maigidana ke ɗaga hannu a madadinmu, mu tara."

"Ba ya tambayarku?"

"Yana tambaya mana! Duk mun ce Abdulrauf muke so. Ban san fuskarsa ba, an dai ce ba ya cin amana. Amma maigida ya riga ya ci shinkafar ɗayan ɗan takarar. Wane ne ma ya kawo wannan doka?"

Abdulrauf, wanda da hannunsa ya rubuta ta, ya karɓi ƙunshin namansa.

"Wani tsoho ne, ɗana. Ya zaci masu shaguna abokansa ne."